Tsohuwar Celica ta Gare de Bassam: gadon Alhaji, tsatsa da lissafin ɗan kasuwa

Duk wanda ya saba da tashar Gare de Bassam a Treichville ya san wurin sauri ne. 'Yan kamasho na kiran Bassam, Bonoua, Aboisso, Noé. Masu turin kaya na neman hanya, mai garba na yanka albasa yana ɗora soyayyen kifi a kan aceke, ba mai tsayawa kallon wani. Ni ma jiran kaya ya kai ni. An ce an ɗoro mini su daga Noé, bakin iyakar Gana, tun da hantsi, amma har la'asar shiru. Mai jiran kaya kuwa ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Ina cikin zagaye na faɗa wani lungu bayan tashar, inda 'yan faci da masu walda suke, sai ga ta a kan jak, tayoyin baya a cire: farar Toyota Celica mai ƙofa biyu, doguwar gaba, da fitilun nan da ke ɓuya cikin jiki sai an kunna su ɗago kai. Yaran unguwa "mai ƙifta ido" suke ce mata.

Ƙafafu biyu na leƙowa daga ƙarƙashinta. Na yi sallama, aka amsa mini da Hausar Adar.

Mai ƙafafun matashi ne, bai fi shekara talatin da biyar ba, ɗan kasuwar albasa, haifaffen Abidjan amma asalin gidansu wajen Madawa. Ya roƙi in sakaya sunansa, don haka a nan sai mu ce masa ɗan Alhaji. Motar ta mahaifinsa ce, ƙirar 1984. Marigayin ya saye ta hannu na biyu daga wani Bature da ke shirin komawa gida, tun kafin a karya darajar sefa a Janairun 1994. Ya mori abarsa shekaru, sannan ƙafa ta fara ba shi wahala, aka lulluɓe ta da tampol a tsakar gida. Can ta zauna har Allah ya yi masa rasuwa.

Ranar da aka zauna rabon gado

Gida, rumfa da kuɗin da ke hannun abokan ciniki, duk an san yadda za a yi da su. Mota ce ta kawo gardama. Wani mai sayen ƙarfe daga kas, wato kasuwar da ake farfasa motoci a sayar da su gunduwa-gunduwa, ya zo ya zagaye ta sau biyu, ya taya jaka ɗari uku. Kawunsu ya ce a karɓa, ai rabon kuɗi ya fi rabon ƙarfe sauƙi. Ƙannensa mata biyu da ke aure a gida Nijar suka aiko cewa duk abin da manya suka yanke sun yarda. Hajiya ba ta ce uffan ba, sai dai ta tashi ta shiga ɗaki.

"Nan na gane," in ji ɗan Alhaji. "Cikin motar ga aka ɗauko ta daga asibiti ran da aka haifi autarmu. Na ce ma kawu, Baba, ku yi mata kuɗi, ni zan saya."

Abin da ya yi daga nan shi ne ya fi burge ni a labarin duka, kuma shi nake so 'yan uwa su riƙe. Bai ce shi ne babba don haka mota tasa ce ba. Ya kira makanikai biyu da ba su san juna ba, kowanne ya yi mata kuɗi a gaban shaidu, aka ɗauki wanda ya fi yawa. Aka fitar wa Hajiya tumuninta, aka lissafa rabon kowace ƙanwa, ya aika musu, ya ajiye shaidar aikawar. Bayan haka ya bi sawun takardu har aka mayar da kart-giris, takardar mallakar mota, daga sunan marigayi zuwa sunansa. Na sha ganin zumunci ya lalace a kan abin da bai kai mota ba. Mutum ya kashe dukiya ya gyara abin gado, ya yi kyau, sai rana tsaka wani ya tuna shi ma yana da haƙƙi a ciki. Gyara kafin rabo, kiwon akuyar jama'a ne.

Me ya sa Celica, a nan Kodebuwa?

Matasan yanzu za su ce ai tsohuwar Toyota ce kawai. Dattawan da suka yi zamani a ƙasar nan sun san abin ya wuce haka. Tun 1969 ake tseren motoci na Rallye Bandama, tseren da ya yi suna da wahala har a 1972 ba motar da ta kai ƙarshe ko ɗaya. Daga 1978 zuwa 1992 yana cikin jerin gasar duniya, manyan direbobin Turai na zuwa su sha jar ƙura da taɓo a dazuzzukan ƙasar. A 1981 Timo Salonen ya ci da Datsun. Sai Celica ta shigo: Björn Waldegård na Suwidin ya ci da ita a 1983, Juha Kankkunen na Finlan a 1985, Waldegård ya maimaita a 1986. Ita ce kuma ta lashe tseren Safari na Kenya sau uku a jere, 1984, 1985 da 1986. A nan ƙasar ne Kenjiro Shinozuka ya zama Bajafane na farko da ya ci zagayen gasar duniya, a 1991, cikin Mitsubishi Galant.

Motar tseren ba ɗaya take da ta Alhaji ba. Waccan injinta mai tabo ne, an ƙera ta musamman don gasa. Amma siffar jikin ɗaya ce, kuma a wancan zamani hakan ya isa. Wanda ya ga Celica ta keta ƙura a talabijin, washegari ya ga irinta a gindin gadar Houphouët-Boigny, dole ya waiga. Ɗan Alhaji ya ce mahaifinsa bai taɓa wuce gudun hankali da ita ba. Ranar Juma'a yake fito da ita, sai ranar salla, sai in za a kai baƙo Bassam ya ga teku.

Akwai kuma dalili na biyu, na lissafi. A Disambar 2017 gwamnati ta sa hannu kan dokar da ta ƙayyade shekarun motocin hannu na biyu da ake shigowa da su, ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2018. Ƙaramar mota kada ta wuce shekara 5, ƙananan bas-bas shekara 7, manyan bas da manyan motocin kaya shekara 10. Zamanin da ɗan kasuwa ke cika jirgi da tsofaffin motocin da ake kira "France au revoir" ya wuce ke nan. Tsofaffin da ke cikin ƙasa su ne su ke nan, kuma kullum kas na cinye su ɗaya bayan ɗaya.

Maƙiyi na farko

Makanikin da ke kula da ita dattijo ne, ya haura saba'in, ya koyi aiki tun zamanin da Peugeot 504 ke mulkin hanya. Kowa a lungun Baba yake ce masa. Na tambaye shi mene ne ya fi ba shi wahala a aikin, ina tsammanin zai ce inji. Sai ya yi dariya.

"Ɗana, injin Japan ba ya mutuwa, kashe shi ake yi. Tsatsa ce mugunya."

Abidjan gari ne na ruwa. Ga tafkin Ébrié ya ratsa shi, ga teku, ga damina biyu, babbar daga Mayu zuwa Yuli, ƙaramar wajen Oktoba da Nuwamba. Iskar da ke tasowa daga Port-Bouët da hanyar Bassam ɗauke take da gishiri. Ɗan uwan da ya taso a Maradi ko Katsina, inda mota ke shekara ashirin a rana fenti ya ƙone amma ƙarfe na nan garau, ba ya gane wannan sai ya gani da idonsa. Tampol ɗin da aka rufe motar da shi don kariya, shi ya fi yi mata ɓarna, domin ya tsare laima a ciki shekara da shekaru. Da suka ɗaga shimfiɗar ƙasa, wurin ƙafar direba ya huje har ana hango siminti. Ramin safaya-taya a but ya tara ruwa. Gindin ƙofofi, bakin gilashin baya da saman tayoyi duk sun fara kumbura.

A nan Baba ya kafa sharaɗi: ba fenti sai an gama walda. Masu gaggawa kan cika rami da boti, su shafe, su fesa fenti mai ƙyalli, mota ta fito kamar amarya. Bayan damina ɗaya sai ka ga fenti na tashi kamar ƙuraje. Shi yanke ruɓaɓɓen wuri yake yi har ya tarar da lafiyayyen ƙarfe, ya yanko sabon falle daidai gwargwado, ya liƙa da walda, ya shafa maganin tsatsa ciki da waje. Ya nuna mini ƙananan hujojin da ke gindin kowace ƙofa, waɗanda kamfani ya bari don ruwa ya fita. Galibi ƙasa ce ke toshe su. Da tsinke ake buɗewa, ba ko sisi, amma kaɗan ne suka san da su. Ga wanda zai sayi tsohuwar mota ya ba da dabara: tafi da ɗan maganaɗisu ka bi jikinta. Inda ya ƙi kamawa, boti ne a ƙarƙashin fenti.

Inji, da abubuwan da aka saba yi masa

Injin wannan Celica na lita biyu ne, wanda ake kira 21R, mai kafireto, kuma da kaca yake tafiya, ba bel ba. Sa'ar da aka yi, dangi ɗaya ne da 22R na tsofaffin Hilux, don haka wasu kayan suna shiga. Wasu na ce, ba duka ba. Baba ba ya sayen komai sai ya tafi da tsohon a hannu ya gwada su gefe da gefe.

Motar da ta daɗe a ajiye ba a tayar da ita da ƙarfin batir kawai. Sun fara zubar da tsohon mai, wanda ya riga ya zama kamar ƙaro, suka wanke tanki. Suka cire fulogi, waɗanda 'yan uwanmu na Nijar ke ce wa buji, suka ɗiga ɗan baƙin mai a kowace silinda, suka juya injin da hannu har ya saki jiki. Sannan aka sake duk wani tiyo na roba, na mai da na ruwa, ko da ya yi kama da mai lafiya. Robar da ta shekara arba'in ba ta da amana, kuma tiyon mai da ya tsage kusa da salansa gobara ce.

Inda Baba ya fi ɗaga murya shi ne maganar zafi. Akwai al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu, daga Kano har Abidjan: da inji ya fara zafi sai a cire tamostat a jefar, a ce ai na ƙasar sanyi ne. Sai kuma a riƙa cika lagireto da ruwan famfo. Cire tamostat ba ya warkar da ciwon, ɓoye shi yake yi, kuma injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. Ruwan famfo kuwa tsatsa da ƙanzo yake tarawa har hanyoyin ruwa su toshe. Kan wannan inji na alminiyam ne. Ya tafasa sau ɗaya da kyau, sai ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Su sun kai lagireto an buɗe an wanke, suka sa sabon tamostat da sabon famfon ruwa, suka zuba ruwan sanyaya inji na gaske, mai launin nan.

Birki bai ɗauki dogon bayani ba. Man birki na shan laima daga iska, a gari irin wannan kuwa ba a bar shi ya wuce shekara biyu. Tayoyin Alhaji zanensu na nan kamar sabo, amma an zubar da su duka. A gefen kowace taya ta zamani akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wanda zai sayi taya ta hannu a Adjamé ya duba wannan kafin ya duba zane.

Ƙari, da inda ya kamata a tsaya

Nan aka yi ja-in-ja tsakanin yaro da dattijo. Ɗan Alhaji ya kalli bidiyoyi a waya, ya ga yadda samarin Japan da Amurka ke sauke irin waɗannan motoci ƙasa-ƙasa, su sa faffaɗan ƙafafu da salansa mai ruri. Ya zo da hotuna. Baba ya kalla ya miƙa masa wayarsa.

"Ka taɓa ratsa Indénié cikin watan Yuni?"

Wanda ya san wannan shataletale a lokacin ruwa ya san amsar. Motar da aka sauke, cikinta zai riƙa dukan kowane tudun rage gudu, kuma in ruwa ya shiga ta hancin inji, fistin ba ya iya matse ruwa, sandarsa ce ke lanƙwashewa. A ganina dattijon ya yi gaskiya, ko da yake na ga yaron bai ji daɗi ba.

Ƙarin da suka yarda da shi duka irin wanda ido ba ya gani ne. Sun sa sababbin shokozoba da sababbin robobin ƙafa, tsayin mota na nan yadda kamfani ya yi shi. Wayoyin fitila sun tsufa, haske ya yi ja, sai suka sa rile don wuta ta riƙa zuwa kai tsaye daga batir. Sun ƙara fanka ta lantarki gaban lagireto saboda cunkoson gada da yamma. Na'urar sanyi tsohon gas take sha, R12, wanda aka daina yinsa bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987. An mayar da ita ta R134a, kuma wannan ba zuba sabon gas ba ne kawai, sai an wanke hanyoyin an canza mai da robobi. Duk abin da aka cire na asali, Baba ya sa an nannaɗe an ajiye a kwali. Masu sayen tsofaffin motoci sun fi daraja wadda ba a ɓata mata asali ba.

Wani ya ba shi shawarar ya cire injin ya dasa na gazuwal, irin na tasi, don sauƙin mai. Ya ƙi, kuma ya yi daidai. Ban da ɓata motar, kart-giris na nuna irin man da mota ke sha. In abin da ke takarda ya saɓa da abin da ke ƙarƙashin bonet, to ka sayo wa kanka magana a wurin bizit, binciken lafiyar mota, da kuma wurin 'yan inshora ranar da tsautsayi ya faɗa.

Neman kaya shi ne aikin haƙuri. Celica iri-iri ce. Tasu da tayoyin baya take ja, amma wadda ta fito daga ƙarshen 1985 da na gaba take ja, kusan ba abin da suka haɗa sai suna. Mai kaya a kas ɗin Abobo zai ce maka "Celica ce, ɗauki," ka kai gida ka ga ba ta zauna ba. Kuma Japan sitiyarinsu a dama yake, namu a hagu, don haka kayan sitiyari da na gaban direba da aka yo odarsu daga can ba lalle su yi ba. A nan zaman ɗan kasuwa ya yi rana. Wani abokin cinikinsa a Kwatano ya samo masa murfin distilbita, wani ɗan uwa a Ladipo ta Ikko ya aiko da famfon birki cikin kayan wani mai zuwa, robobin gilashi kuwa daga Sharja suka zo ta hannun mai zuwa Dubai sarin waya.

Maganar uwargida

Ban bar wurin ba sai da na tambayi abin da kowane mai karatu ke son ji: daga ina kuɗin ke fitowa? Ya yi shiru, ya goge hannu da tsumma.

Ya ce shekarar farko ya yi kuskure. Lokacin da albasar Galmi ke shigowa, lokacin da ya kamata kowane dala ya shiga buhu, ya zari kuɗi daga jari ya biya walda. Mota ɗaya ta kaya ta wuce shi a kan haka. Maiɗakinsa ce ta gano, domin ita ke riƙe da littafin bashi. Ba ta yi faɗa ba. Ta jira bayan isha'i ta ajiye masa littafin a buɗe, ta ce, "Maigida, Satumba ta kusa. Motar Baba za ta kai yara makaranta, amma ba za ta biya musu ba."

Daga ranar suka yi yarjejeniya. Mota ba ta taɓa jari, ba ta taɓa kuɗin makaranta, ba ta taɓa abin da ake aika wa gida. Tana da nata asusu, ɗan abin da ya ragu daga riba in wata ya yi kyau. In wata bai yi kyau ba, ta zauna a kan jak ta jira. Shi ya sa aikin da wani zai gama cikin wata uku ya kai su shekara ta uku.

Ya kamata in ƙara wani abu a nan, domin na ji samari na cewa tsohuwar motar Japan jari ce. Gaskiya ne kasuwarsu ta tashi a duniya. Toyota 2000GT, wadda ba a ƙera ko ɗari huɗu ba, an sayar da guda sama da dalar Amurka miliyan ɗaya a gwanjo tun 2013. Nissan ta koma ƙera wa tsohuwar Skyline GT-R kaya a 2017, Toyota ma ta bi da na Supra da Corolla AE86. Amma waɗannan 'yan gata ne. Celica mai kafireto a Treichville ba ta cikin wannan sahu, kuma mai sayen da zai biya abin da ka kashe mata ba a kowace kwana yake ba. Ɗan Alhaji ya san haka. Ya ce ko an taya ba ta sayarwa ba ce.

Ta ci bizit a karo na biyu. Karon farko birkin hannu ne da daidaiton fitila suka mayar da su. Ranar Lahadin da ta biyo baya ya ɗauki Hajiya a gaba, yara biyu a matse a baya, suka kama babbar hanyar Bassam, kilomita kusan arba'in. Na ce to, ka taka ta? Ya ce ina, da kyamarorin hanya da lasin mai maki 12 da aka fara a Maris ɗin 2023, ga kuma Hajiya a gefe tana cewa "a hankali, haka babanka yake yi." Sun zagaya tsohuwar unguwar Turawa, suka sayi kwakwa, suka juyo kafin magariba. Da suka iso gida bai kwanta ba sai da ya wanke ƙarƙashinta da ruwan daɗi saboda gishiri.

Abin da ya sa na tarar da ita a kan jak, wani ɗan kuka ne da ke fitowa daga baya in ta kai gudun sittin. Baba na zargin boris ɗin taya, shi kuma yana tsoron kada ya zama difaranshal, domin wannan asusun wata biyu zai cinye. Har yanzu kuma suna neman gilashin jar fitilar baya ta hagu, ƙirar 1984 ko 1985. Wanda ke jikinta ya tsage, da gam aka riƙe shi. Ina rubuta wannan ne ko wani cikin masu karatu, a Kumasi, Lome ko Kano, yana da irinta a bayan gida kaji na ƙwai a ciki.

Ana kiran magariba wayata ta yi ƙara. Kayana sun iso daga Noé, buhu ɗaya a jiƙe.